BULO ƊAYA: ABIN DA NA GANI A TSOHON BIRNIN KIRAKOF

  Da kwamitin wannan mujalla suka ce in rubuta wani abu da Hausa, na so in yi magana a kan ladabi da biyayya kamar yadda aka saba. Amma akwai wata magana da ta daɗe tana cina a rai, ina kuma ganin lokacin faɗinta ya yi. Maganar ta shafi wani birni mai nisa a ƙasar Folan, ta shafi wani ƙyauren katako a ƙauyenmu, ta kuma shafi tsohon ɗakin sujada na dutse da ke bayan ɗakin cin abinci na wannan makaranta. Ku yi haƙuri da ni, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

YADDA NA FARA JIN SUNAN BIRNIN

Babana katikis ne a ƙauyenmu. A watan Fabrairu na 1982, sa'ad da Paparoma Yohanna Bulus na II ya zo Kaduna, babana yana cikin waɗanda suka hau bayan motar katako suka tafi ganinsa. Ni ina ƙarami ƙwarai, ban san abin da ake ciki ba. Abin da na tashi na tarar shi ne hoton Paparoman a rataye a bangon ɗakinmu, hayaƙin fitila ya dusashe shi. Babana yakan nuna hoton ya ce mana mutumin nan daga wani birni ya fito mai suna Kirakof, inda ya yi Babban Bishop daga 1964 har aka zaɓe shi Paparoma a 1978. A lokacin, da Kirakof da duniyar wata duk ɗaya ne a wurina.

Sai ga shi a watan Yuli na 2016 an yi Taron Matasan Katolika na Duniya a wannan birni, wanda mutanen ƙasar ke rubutawa Kraków. Aka sa ni cikin malaman da za su raka matasan dayosis ɗinmu. Ni da ɗalibai biyu aka sauke mu a gidan wata tsohuwa da ta haura shekara 80, wadda ta yi aikin koyarwa a firamare har ta yi ritaya. Jikokinta suna ce mata Babcha, wato kaka, mu ma sai muka bi sahu. Ba ta jin Turanci, jikanta ɗan jami'a ne yake yi mana tafinta. Bayan an watse taro mun sami kwana uku kafin jirginmu ya tashi. Babcha ta ɗauki sandarta ta ce ba za mu koma gida muna cewa mun je Kirakof ba alhali taron jama'a kawai muka gani.

DANDALIN KASUWA

Ta fara kai mu babban dandalin da ke tsakiyar tsohon gari. Faɗinsa kusan mita 200 ne, tsawonsa ma haka. Ku ɗalibai da kuka san filin ƙwallonmu, ku ɗauka an haɗa irinsa biyar wuri ɗaya an shimfiɗe su da dutse. Yadda aka yi aka sami wannan fili shi ne, a 1241 mayaƙan Mongol, waɗanda mutanen Folan ke kira Tatar, suka faɗo daga gabas suka ƙone garin, gama yawancin gidajen na katako ne. A 1257 mai mulkin ƙasar ya ba da izini a sāke zana garin. Aka ja igiya, aka fitar da dandali a tsakiya, aka fitar da tituna miƙaƙƙu daga kowane gefe. Titunan da aka zana a wannan shekara su ne mutane ke bi har yau.

A tsakiyar dandalin akwai wani dogon gini da ya kai mita 100, sunansa Sukiennice, wato rumfar 'yan yadi. Nan fatake ke saye da sayar da tufafi tun ƙarni na 14. Gobara ta cinye shi a 1555, aka sāke gina shi da adon irin na Italiya. Har yanzu kasuwa ce a ƙasa, ana sayar da kayan tsaraba, sama kuma ɗakin ajiye zane-zane ne. A wani ɓangaren akwai hasumiya mai tsawon mita 70 tana tsaye ita kaɗai. Ita ce ta rage daga ginin majalisar gari da aka rushe a 1820.

Abin da ya fi jan hankalina ƙaramin coci ne na Waliyyi Adalbat, wanda da kyar zai ɗauki aji biyu na ɗalibanmu. Ya girmi dandalin kansa, gama asalinsa daga ƙarni na 11 ne. Ya zauna a karkace, bai bi layin sauran gine-gine ba, kuma tsohon daɓensa yana can ƙasa da inda mutane ke takawa yanzu, domin ƙasa ta yi ta taruwa shekara da shekaru. Masu jan igiya na 1257 sun tarar da shi a kan hanyarsu, suka kewaye shi suka bar shi. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. A lokacin ban gaya wa kowa dalili ba.

ƘAHON DA BA YA ƘARASA WAƘA

Muna nan tsaye sai agogo ya buga, Babcha ta ɗaga sanda ta nuna sama. A kusurwar dandalin akwai Cocin Maryamu, wanda aka gina da jan bulo a ƙarni na 14. Hasumiyoyinsa biyu ne, ba tsayinsu ɗaya ba. Doguwar ta haura mita 80, gajeruwar kuma mita 69. Aka buɗe wata 'yar taga can ƙoli, sai muka ji busar ƙaho mai daɗi, irin begilar da 'yan faretinmu ke busawa. Ana cikin busa sai ta yanke tsam, kamar an toshe bakin mai busar. Ya koma wata taga ya sāke, har sau huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, kowane karo yana yankewa a wuri ɗaya.

Labarin da ake bayarwa shi ne, wai mai gadin hasumiya ya hango Tatar suna zuwa, ya kama busa don a rufe ƙofofin gari, sai kibiya ta same shi a maƙogwaro kafin ya ƙarasa. A matsayina na malamin tarihi dole in gaya muku cewa masana sun ce wannan labari sai a ƙarni na 20 aka fara ganinsa a rubuce, saboda haka mu ajiye shi a ɓangaren tatsuniya. Amma busar kanta tarihi ce. Takardun kuɗi na birnin na 1392 sun nuna ana biyan mai busa. Yau ma'aikatan kashe gobara ne ke wannan aiki. Suna hawa matakala 239, suna busawa kowace awa, dare da rana, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Tun 1927 gidan rediyon ƙasar ke watsa busar ƙarfe 12 na rana.

Na tambayi Babcha ko wa ke saurare da ƙarfe uku na dare. Ta yi dariya ta ce, "Malam, marasa lafiya da masu jego da tsofaffi irina. In na farka na ji ta, na san gari yana nan."

BAGADEN DA AKA SACE

A cikin cocin akwai wani bagade na katako wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Wani masassaƙi ne mai suna Veit Stoss, daga birnin Nurembag na Jamus, ya yi shekara 12 yana aikinsa, daga 1477 zuwa 1489. Tsayinsa mita 13, faɗinsa mita 11 in an buɗe shi, gama yana da fikafikai da ake buɗewa kamar ƙofofin kabad. Siffofin da ke jikinsa sun kai 200, manyan cikinsu sun kusa mita 3. A tsakiya ga Maryamu tana barin duniya, manzanni sun kewaye ta. A fikafikan kuma ga labarin Ubangijinmu Yesu Almasihu daga haihuwa zuwa tashi daga matattu. A zamanin da yawancin jama'a ba su iya karatu ba, wannan shi ne littafinsu. Masassaƙin bai ɓoye kome ba. Za ka ga jijiyoyi sun kumbura a ƙafafun manzanni, ga tamoji a fuska, ga yatsu sun lanƙwashe don tsufa, sai ka ce dattawan ikilisiyarmu ne bayan an dawo daga gona. Mutanen garin ne suka tara kuɗin aikin, kuɗin kuwa ya kai abin da birnin ke kashewa a shekara guda.

A 1939, da aka ga yaƙi ya ƙarato, sai aka kwance bagaden, aka ɗora manyan siffofin a jirgin ruwa aka bi Kogin Bistula da su zuwa wani gari mai suna Sandomiyez aka ɓoye. Sojojin Hitila suka gano wurin, suka kwashe su zuwa Nurembag suka ajiye a ƙarƙashin ƙasa. Bayan yaƙi sojojin Amurka suka same su. A 1946 aka dawo da su a jirgin ƙasa, aka yi shekaru ana gyara, sai a 1957 bagaden ya koma wurinsa. An sāke wani babban gyara daga 2015 zuwa 2021.

Babcha ta ce ita ta yi ƙuruciyarta tana zuwa sujada a gaban wurin da babu bagaden, mahaifiyarta tana kwatanta mata abin da ke can a dā. Ranar da ta fara ganinsa da idonta ta riga ta zama malama. Ta ce ta gane manzannin ɗaya bayan ɗaya, don an sha ba ta labarinsu.

GANUWAR DA TA KUSA ƘAREWA

Kada ku ɗauka mutanen Kirakof ba su taɓa rushe kome ba. A dā ganuwa ce ta kewaye garin, da hasumiyoyin tsaro sama da 40. A farkon ƙarni na 19 ta tsufa, ramin da ke bayanta ya zama juji, sai hukuma ta ba da umarni a rushe. Aka yi ta rushewa ana sayar da bulo. A wurinta aka dasa itatuwa, suka zama lambu mai suna Planty wanda ya zagaye tsohon gari, tsawonsa kusan kilomita 4. Lambun yana da kyau, mun huta a inuwarsa.

Amma a 1817 wani malamin jami'a, Feliks Radwanski, ya tashi ya ce a bar ɓangaren arewa. Ya san in ya ce a bar shi don tarihi ba wanda zai saurare shi. An ce sai ya gaya wa majalisa cewa in aka buɗe wannan gefe, iskar arewa za ta riƙa shigowa gari tana sa mutane mura, tana kuma ɗage wa mata tufafi a hanyar coci. Dabara ta ci. Saboda wannan mutum ɗaya, yau ana iya ganin Ƙofar Foloriyan, da hasumiyoyi uku, da wani zagayayyen sansani na jan bulo da ake kira Barbakan, wanda aka gina a 1498 zuwa 1499. Kaurin bangonsa mita 3, yana da ƙananan hasumiyoyi 7 da kafofin harbi 130. Wanda ya taɓa ganin yadda badalar Kano da ta Zariya ke zaizayewa ya san abin da na ji a raina a gindin wannan ƙofa.

Cikin ganuwar ne jami'ar da Sarki Kazimir Babba ya kafa a 1364 take. Ta durƙushe bayan mutuwarsa, sai Sarauniya Yadwiga, wadda ta rasu a 1399, ta bar wasiyya a sayar da kayan adonta a farfaɗo da ita. Tsohon gininta na ƙarni na 15 yana nan da farfajiyarsa. Nan Kofanikus ya yi karatu daga 1491, shi ne wanda ya nuna duniya ce ke zagaya rana, kamar yadda kuka koya a ajin labarin ƙasa. Ranar 6 ga Nuwamba 1939 'yan mamaya suka kira malaman jami'a wai za a yi musu lacca, suka kama sama da 180 suka tura su sansanin gwale-gwale. Waɗanda suka rage suka ci gaba da koyarwa a ɓoye cikin gidajen mutane.

DUTSEN WAWEL

Rana ta biyu muka hau wani tudun dutse a bakin kogi. Ɗalibaina suka ga an rubuta Wawel suka fashe da dariya, sai jikan Babcha ya ce su Vavel suke faɗa, kuma babu wawa ko ɗaya a ciki. A kan tudun nan fadar sarakunan Folan take, da babban cocin da ake naɗa su ake kuma binne su. Kirakof ce hedkwatar ƙasar daga 1038 har ƙarshen ƙarni na 16, sa'ad da sarki ya koma Waso.

In ka tsaya a gefen babban cocin za ka ga kamar an yi masa faci. Nan farin dutse, can jan bulo, nan ƙubba mai ruwan zinariya, can wata koriya. Dalili kuwa shi ne, kowane zamani ya zo ya jingina nasa ɗakin a jikin na dā. Cocin da ke tsaye yanzu shi ne na uku a wurin, an keɓe shi a 1364. Ƙubbar zinariyar ta ɗakin Sarki Sigismun ce, wanda wani magini ɗan Italiya, Berrecci, ya gama a 1533. A ɗaya daga hasumiyoyin akwai ƙararrawar tagulla da aka zuba a 1520, nauyinta ya kusa tan 13, sai mutum 12 sun haɗu suke kaɗa ta, kuma sai a manyan ranaku. A tsakiyar cocin ga akwatin azurfa na Bishop Stanislas, wanda sarkin zamaninsa ya kashe a 1079 saboda ya tsawata masa.

Daga nan muka sauka ƙarƙashin ƙasa, muka shiga wani ɗan ɗaki mai ginshiƙai 8, da rufi mai lanƙwasa kamar bakan gizo. Wannan ɗaki saura ne daga coci na biyu, na ƙarni na 12. Da maginan ƙarni na 14 suka zo yin sabon gini, sai suka ɗora shi a kan wannan ɗaki suka bar shi yadda yake. A nan ne wani sabon Fada mai suna Karol Wojtyla ya yi Misarsa ta farko ranar 2 ga Nuwamba 1946. Shi ne mutumin da hotonsa ke bangon ɗakinmu.

Tudun nan ya sha wuya. A 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka gama raba Folan tsakaninsu, sunanta ya ɓace daga taswira shekara 123. Sojojin Ostiriya suka mai da fadar bariki, suka rushe ƙananan coci biyu don su sami filin fareti. Har yau ana ganin harsashinsu a cikin ciyawa. Mutanen ƙasar suka tara kuɗi suka fanshi tudun, sojojin suka fita tsakanin 1905 da 1911. Daga 1939 zuwa 1945 kuma gwamnan da Hitila ya naɗa ya zauna a ciki. Manyan labulen saƙa na sarakuna, sama da 130, an gudu da su ta Romaniya da Faransa da Ingila har Kanada, sai a 1961 suka dawo.

Amma abin da ya tsaya mini a rai yana jikin bangon hanyar hawa tudun. Akwai ƙananan allunan dutse jere a bangon, kowane da suna. Babcha ta yi mana bayani. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1918, fadar ta lalace, gwamnati kuwa ba kuɗi. A 1921 mai kula da gyaran ya fito da wata dabara: duk wanda ya biya kuɗin aikin yini guda, za a sa sunansa a bulo ɗaya. Dubban mutane suka bayar. Akwai attajirai, akwai rundunonin soja, akwai ƙungiyoyi, akwai makarantun da yara suka haɗa 'yan kwabbansu. Na bi allunan da yatsa ina karanta sunayen da ban iya furtawa ba, sai na ji hawaye sun zubo mini. Ɗalibaina suka yi kamar ba su gani ba.

GINI BABU MUTANENSA

Kafin in faɗi dalilin hawayen, bari in ambaci wurin da muka je rana ta uku. Unguwar Kazimiyez ce, wadda aka kafa a 1335, inda Yahudawa suka zauna ɗaruruwan shekaru. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun haura 60,000, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. A 1941 aka tattara waɗanda suka rage aka kulle su a wata unguwa a ƙetaren kogi. A 1943 aka kwashe su. Sansanin Aushwiz bai fi kilomita 70 daga nan ba. 'Yan kaɗan ne suka tsira.

Majami'unsu 7 suna nan tsaye. Mafi tsufa, ta ƙarni na 15, gidan tarihi ce yanzu. A maƙabartar da ke bayan majami'ar Remu an tattara gutsattsarin duwatsun kaburburan da aka farfasa lokacin yaƙi, aka gina bango da su. Kirakof ta fita daga yaƙin da gine-ginenta kusan cikakku, ba kamar Waso da aka ragargaza ba, har a 1978 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin farko na wurare 12 na gādon duniya. Amma a wannan unguwa na gane cewa ana iya ceton bango a rasa masu shi. Babcha ba ta yi magana da yawa a can ba. Ta ce kawai akwai yaran da suka yi wasa tare, wata rana ba ta ƙara ganinsu ba. Mu da muke zaune da maƙwabta masu addini dabam da namu, wannan unguwa gargaɗi ce a gare mu.

ƘYAUREN BABANA

Yanzu ga dalilin hawayen. Cocin farko na ƙauyenmu babana ne da Kiristocin farko suka gina shi da tubali da azara. Mata suka ɗebo ruwa suka yi yaɓe, har sawun tafin hannunsu ya fito a bango, cikinsu da na kakata. Ƙyauren kuwa babana ne ya sassaƙa shi da itacen maɗaci, ya zana gicciye a tsakiya da wuƙa.

Ikilisiya ta ƙaru, ɗakin ya yi kaɗan, ruwa yana yoyo. Aka kafa kwamitin gini, aka sa ni sakatare domin ni ne mai takardar diploma. Akwai fili a gefe da za a iya yin sabon ginin, amma ni na nace a rushe tsohon don sabon ya fuskanci titi. Na yi dogon jawabi, na ce ginin ƙasa tsohon yayi ne, abin kunya ne a gaban baƙi. Dattawa suka yi shiru. Da hannuna na rubuta shawarar a littafin kwamiti.

Da daddare babana ya kira ni ya ce, "Ɗana, in kun rushe, ku ajiye mini ƙyauren."

Na ce, "To, Baba."

Ranar rushewa ina makaranta ina duba takardun jarrabawa, ban kuma bar saƙo wurin kowa ba. Da na je ƙarshen mako, na tarar an faskare ƙyauren an dafa wa ma'aikata abinci da shi. Ba laifin masu dafuwa ba ne, itace suka gani a yashe. Na je na durƙusa na gaya wa babana. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Ba kome." Bai ƙara tayar da maganar ba har Ubangiji ya kira shi bayan damina biyu.

Sabon cocin yana da kyau, muna kuma bukatarsa, ban yi nadamar gina shi ba. Amma yau in 'ya'yana suka tambaye ni ina kakansu ya fara wa'azi, sai dai in nuna musu siminti. Maginan Kirakof sun kewaye ƙaramin cocin Adalbat, sun ɗora babban coci a kan tsohon ɗaki. Ni da diplomata ban yi wannan tunani ba.

ROƘONA GARE KU

Ya ku ɗalibai, da malamai 'yan'uwana, da iyayenmu na ikilisiya, kun san tsohon ɗakin sujada da ke bayan ɗakin cin abinci. 'Yan mishan na farko ne suka gina shi tare da ɗaliban farko, waɗanda suka ɗauko duwatsun a kā daga bakin rafi. Yau karyayyun kujeru ne a ciki da jemagu, kwanon rufin ya yi tsatsa, wasunku sun rubuta sunayensu a bango da gawayi. Na ji ana shawarar a rushe shi a gina ɗakin kwamfuta. Ina cikin masu son ɗakin kwamfuta, gama yaranmu suna bukatarsa. Masu shawarar ma alheri suke nufi, kamar yadda ni ma na nufa a ƙauyenmu. Roƙona shi ne a duba filin da ke gefen lambu kafin a ɗaga guduma.

In an yarda a bar ginin, ga abin da nake gani za mu iya yi. Na ɗaya, mu yi aikin gayya ranar Asabar ta farko ta sabon zango, mu fitar da shara. Na biyu, 'yan ƙungiyar tarihi su je wurin tsofaffin ɗaliban da suka ɗauki duwatsun nan, su rubuta abin da za su faɗa tun suna da rai, gama ba su da yawa yanzu. Na uku, mu roƙi ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da zumuntar mata da kowane aji, kowa ya ɗauki kuɗin aikin magini na yini guda, a rubuta sunansa a allo a bakin ƙofa. Ni na ɗauki yinin farko daga albashina, da sunan babana. Na huɗu, in an gyara kada a sa kwaɗo a rufe. A riƙa addu'ar safe a ciki ko da sau ɗaya a mako, gama ɗakin da ba a shiga gara ce ke gādonsa.

A sura ta 4 ta Littafin Joshuwa mun karanta yadda Isra'ilawa suka ɗauko duwatsu 12 daga Kogin Urdun suka kafa su, domin wata rana 'ya'yansu su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba da labarin abin da Allah ya yi. Mu ma an bar mana namu duwatsun a bayan ɗakin cin abinci. Ku masu fita a bana, kafin ku ɗauki akwatunanku, ku zagaya can ku dafa bangon nan ko sau ɗaya. Ina fata in kun kawo 'ya'yanku makarantar nan za ku tarar da shi a tsaye.

Allah ya ba ku sa'a a jarrabawa, ya kai ku gida lafiya, ya kuma albarkaci makarantarmu. Amin.